Sunan da Zulaihatu Ta Daina Faɗa

Akwai wani bafatake a ƙasar Illela mai suna Dabo. Ya yi zamaninsa ne a shekarun farko bayan Turawa sun ci Sakkwato, lokacin da Ingilishi da Faransa suke bin daji da igiyar awo suna kafa turaku, wannan yana cewa nan nawa ne, wancan yana cewa can nawa ne. Mutanen wurin kallonsu kawai suke yi, domin wanda gonarsa take Araba a ɓangaren Ingilishi, sau da yawa surukansa suna Ƙwanni a ɓangaren Faransa.

Dabo gwani ne a fataucin goro, kuma hannunsa a sake yake. Abin da ya ɓata shi riƙo. In ka taka shi yana ɗan shekara goma, yana sane da kai har ya yi furfura. Ga shi kuma ba ya tambaya. A ganinsa cikakken namiji shi ne wanda zai kalli abu ya gane da kansa.

Yana da amini guda, Mukhtari, wanda ya girme shi da 'yan shekaru. Da ƙuruciya babu yarinyar da ba ta san Mukhtari ba a dandali, don Allah ya ba shi kyau da daɗin baki, shi kuma bai yi wasa da su ba. Daga baya ya tuba, ya kama karatu, ya yi aure, matar ta rasu wajen haihuwa. Bai taɓa ɓoye halinsa ba. Yakan ce, "Ni na san zuciyata. In ban sa mata linzami ba, ba ta da shi."

A wancan zamani, in bafatake zai tafi Gwanja sayen goro, tafiyar shekara ce ko fiye. Don haka yakan bar gidansa a hannun amininsa, ya riƙa auno hatsi daga rumbu, ya gyara darni, ya duba rufin ɗaki kafin damina. Abokin miji kuwa abokin wasan mata ne, kowa ya san haka.

Ranar da ayari zai tashi, Dabo ya kira Mukhtari har tsakar gida.

"Ga gida nan, ga Zulaihatu. Na bar maka amana."

Zulaihatu, matar Dabo, tana bakin murhu ta ɗago tana dariya. "Wa za ka bar ma rumbu? Mukhtari? Tau kahin ka kai Jega ya cinye shi har da jinka."

"Ji mata," in ji Mukhtari. "Ke da tuwonki in an jehi kare da shi sai an yi jinya."

"Jiya wa yas sa hannu har sau ukku?"

"Tausayi na, don kar ki ji kunya."

Dabo ya yi dariya har da buga cinya, ya ja jakunansa ya bi ayari.

A hanya, bayan sun ƙetare Kwara, ruwa ya tsare su kwana arba'in a wani zango. Akwai wata mai sayar da tuwo a wurin. Dabo ya fara da sayen tuwo, ya ƙare da kwana a ɗakinta. Da za su komo ma nan ya sake sauka. Ya gaya wa ransa ai kowane bafatake haka yake yi, ya shafe maganar daga zuciyarsa.

Bayan wata goma sha huɗu ya iso gida da bazara, jakuna niƙi-niƙi da goro.

Ya tarar da darni a tsaye, rufi sabo, rumbu da sauran gero. Amma ya tarar da abubuwan da bai bari ba. Mahaifin Zulaihatu ya rasu da damina a nan gidan, inda ta yi jinyarsa. Baraka, yayar Mukhtari, wata dattijuwa mai sayar da daddawa a Amarawa, ita ce take kwana a gidan tun watanni goma. Shi kuwa Mukhtari ya bar garin gaba ɗaya, ya koma Kalmalo cikin masunta, yana yi musu limanci yana noma ɗan fili a bakin tafki.

Da Baraka ta tattara kayanta ta tafi, Dabo ya tambayi matarsa, "Wa yay yi rufin ga?"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. "Shi yat turo masu yi."

"Shi wa?"

"Mutumin Kalmalo."

Dabo ya bar maganar a nan. Kwana biyu ya sake gwadawa ta wata hanya, ya ce wa ya yi wa mahaifinta wankan gawa.

"Shi na," ta ce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ku lura da wannan, don a nan labarin ya karkata. A al'adar mutanenmu, akwai sunayen da mace ba ta kamawa da bakinta saboda kunya, kuma na farko a cikinsu shi ne sunan mijinta. Zulaihatu ba ta taɓa cewa "Dabo" ba tun da aka kawo ta. Amma "Mukhtari" kam, da a gaban kowa take kiransa, har da tsokana. Yanzu ga shi sunan ya gagari harshenta.

Sai Dabo ya tambayi kansa. Wane namiji mace take ɓoye sunansa in ba wanda ya san ta ba?

Ana nan Mukhtari ya zo yi masa barka da sauka. Ya rame, goshinsa ya yi baƙi. Suka rungumi juna a ƙofar zaure.

"Shigo ciki mana, ka sha hura," in ji Dabo, yana kallon ƙwayar idonsa.

"A'a, nan ma ya yi."

"Gidan da ka saba shiga har murhu? Zulaihatu! Ga abokin hwaɗanki!"

Daga ciki aka ji muryarta ƙasa-ƙasa tana gaisuwa, ba wasa, ba dariya. Mukhtari ya amsa idonsa na kan takalminsa. Bai daɗe ba ya ce rana tana yi, ya kama hanyar Kalmalo.

Shi ke nan, Dabo ya gama shari'arsa a zuci. Ya san abin da shi kansa ya yi a kwana arba'in da macen da bai taɓa gani ba. To ina ga Mukhtari, tsohon ɗan dandali, marar mata, wata goma sha huɗu da rumbu a hannunsa? Ramar nan, da sunkuyar da kan nan, da gudun nan zuwa Kalmalo, duk ya karanta su a matsayin kunyar mai laifi.

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ci abincinta, ya amsa gaisuwarta, yana ta juya abin da zai yi. Wuƙa ta zo masa a rai, ya ga ta yi sauri da yawa. So yake Mukhtari ya ɗanɗana a hankali.

A lokacin, Turawan da suke shata iyaka sun matso yankin, suna neman 'yan dako da za su ɗaukar musu akwatunan ƙarfe da turaku da salkunan ruwa zuwa gabas. Aikin tilas ne. Waɗanda aka ɗiba a baya, wasu sun komo da wuya a sanƙare, wasu har yau ba labari. Mai tara musu mutane wani ne ana ce masa Abu, kuma bisa al'ada ba ya taɓa limamai.

Dabo ya same shi da rana a gindin wata tsamiya, ya ajiye masa goro fari ƙal, manya, da rawani sabo.

"Akwai wani ƙato Kalmalo, ya hi jaki ƙarhi. Mukhtari."

Abu ya ɓare goro ɗaya. "Ba shi na limamin masunta ba?"

"Limamin mi? Jiya-jiya yab bar dandali. Masunta su nemi wani."

Abu ya tauna, ya dubi rawanin, ya ce an gama.

Ranar da za a tafi da su, Dabo ya yi sammako ya je ya tsaya inda ake aza kaya. Mukhtari yana cikin layi, an ɗora masa akwatin ƙarfe a kan gammo. Da ya hango Dabo sai fuskarsa ta washe.

"Ka zo rakiya? Allah shi saka maka, ɗan'uwa."

Dabo ya matso har bakin kunnensa. "Na zo in ga an aza maka. Ni nis sa sunanka."

Mukhtari ya tsaya cak, akwatin yana rawa a kansa. "Mi anka ce maka?"

"Ba a ce mani komi ba. Ido gare ni."

Idon Mukhtari ya kawo ruwa. Can ya ce, "Dabo, ita dai ba ta da laihi. Don Allah kar ka taɓa ta."

Aka daka musu tsawa, layi ya motsa.

Dabo ya koma gida. Ita ba ta da laifi, wato shi yana da shi ke nan, ya faɗa da bakinsa. Ya tarar da Zulaihatu tana sussuka da maƙwabta biyu. Bai jira sun fita ba.

"Ajiye taɓaryar ga. Na sake ki."

Ta tsaya da taɓarya a hannu. "Mi niy yi?"

"Kin hi ni sani."

"Don girman Allah hwaɗa mani mi niy yi."

Ya juya ya shige zaure. Da yake ba ta da sauran uba ko wa, sai ta ɗaure 'yan kayanta ta nufi Amarawa wurin Baraka.

Kwana uku Dabo yana jin sanyi a ransa. A na huɗu, yana zaure yana yayyafa wa goro ruwa, Baraka ta faɗo ba sallama.

"Kai na Dabo? Kai na namijin da ba shi tambaya?"

"Yaya, ki yi a hankali."

"Ba ni yi. Zauna ka ji abin da girman kai yah hana ka ji. Wata huɗu da tahiyarka, ƙanena yaz zo mani Amarawa yana kuka kamar yaro. Yac ce, Yaya, zuciyata ta hwara cin amana. In na kai gero na ji dariyar matar Dabo, sai dariyar ta biyo ni har cikin sallah. Ita ba ta san komi ba, kuma ban so ta sani har abada. Ki tahi ki zauna da ita, ni zan bar garin. Tun rannan bai sake taka tsakar gidan ga ba sai ranar da ubanta ka mutuwa. Azumi yaka yi Litinin da Alhamis har yak koma kamar kara."

Dabo ya miƙe zumbur. "Ashe ya so ta! Da bakinki kic ce ya so ta!"

"Awo, zuciyatai ta so, shi kuma yag gudu. Kai da taka zuciyar tas so mai tuwon zangon bayan Kwara, ina kag gudu?"

Ƙoƙon ruwan ya suɓuce daga hannun Dabo.

"Kana zaton ayari ba shi da baki? Waɗanda sunka riga ku komowa sun baza shi bakin rijiya. Mukhtari yab bi su gida-gida yana roƙo su yi shiru don kar ta ji. Shi yar ruhe maka asiri, kai kas sa anka aza mashi ƙarhe."

Dabo ya ce, "Tau sunan hwa? Don mi ta bar kiran sunanai?"

Baraka ta tafa hannu. "Wayyo ni! Wanga shi na hujjarka? Ranar da ubanta ka cikawa, ba shi da ɗa namiji, kai kana Gwanja. Yas sa anka kira Mukhtari da liman da mutum biyu. Yak kama hannun Mukhtari yac ce ma ɗiyatai, ga ubanki bayana, duk abin da uba ka yi shi za ya yi maki. Wace ɗiyar kirki ka kama sunan ubanta? Ita tana zaton ya hwaɗa maka don maganar maza ta, shi kuma yana jin nauyin ya ce maka ya zama surukinka. Kalma guda za ka tambaya, Dabo. Guda!"

Ta tofar da yawu a bakin zauren ta fita.

Washegari Dabo ya ɗaure wa jakinsa mafi ƙarfi guzuri ya bi sawun 'yan dako. Ya yi tunanin biyawa Amarawa ya mai da matarsa tun tana cikin idda, don saki ɗaya ne, kalma ɗaya ta isa. Amma ya tuna zai tsaya gaban Baraka kansa a ƙasa. Ya ce bari dai ya komo da Mukhtari tukuna, a yi abin cikin mutunci. Ai idda wata uku ce.

Kwana goma sha ɗaya yana bin turakun da aka kafa kafin ya cim musu. Ya tarar da Mukhtari a can ƙarshen layi yana jan ƙafa. Akwatin ya zame masa a wani gangare ya murƙushe idon sawunsa. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, amma ga salkar ruwa a kafaɗarsa, don wanda ya kasa tafiya a daji ake barinsa.

Dabo ya faɗi gaban shugaban 'yan dakon yana roƙo. Mutumin ya ce shi ba ruwansa da wane ne wane, kai nawa aka ba shi, kai nawa zai kai. In ana so gurgun ya tafi, wani ya shiga gurbinsa. Ya ƙara da cewa aikin bai fi wata guda ya ƙare ba.

Dabo ya cire rigarsa ya naɗa gammo. Da hannunsa ya ɗora Mukhtari a kan jakin.

"Baraka ta hwaɗa mani komi," ya ce, bai iya kallonsa ba.

"Ban so ta hwaɗa ba." Mukhtari ya numfasa. "Zulaihatu lahiya?"

"Na sake ta."

Mukhtari ya rufe ido ya yi salati. "Tau akwai saƙo zuwa gida? In ka ce ka mai da ita, ni shaida na, in kai ma limamin gari."

Kalmar ta zo har bakin Dabo. Amma sai wani guntun abu ya motsa a ransa. Maganar aurensa ta bi ta bakin mutumin da ya taɓa jin dariyar matarsa a cikin sallah?

"Babu. In na zo na yi magana da kaina."

Aikin da aka ce wata guda sai da ya ci wata biyar. Dabo ya sha ruwan sama da akwati a ka, ya sha bulala, ya binne mutum biyu da ya kwana tare da su. Da kaka ya shigo Illela, wuyansa duk kanta, ba wanda ya gane shi sai da ya yi magana.

Bai ko zauna ba ya wuce wurin liman, ya ce ya zo mai da matarsa.

"Wace matar?" in ji liman. "Idda ta cika tun tsakiyar damina. Yanzu sai sabon aure, in ta yarda. Ka tahi ka nema wurin waliyyinta."

Dabo ya san ko wane ne, tun kafin liman ya faɗa.

Aka sa ranar Juma'a a ƙofar gidan Baraka. Mukhtari ya zo daga Kalmalo yana dogara sanda, ƙafar ta warke a karkace. Aka shimfiɗa masa tabarma a waje. Dabo ya durƙusa a gabansa a kan tsurar ƙasa, ga mutane suna kallo.

"Na zo neman gahwara, kuma na zo neman aure."

"Ƙahwata na yahe maka ita tun kan jakin," in ji Mukhtari. "Wannan hakkina na. Amma ita ba hakkina ta ba, amana ta. Sai abin da tac ce."

Ya ɗaga murya wajen zanan da ya kare tsakar gida, bai juya kansa ba. "Ɗiyata, kin ji mai nema."

Can muryar Zulaihatu ta fito, ba kuka a cikinta.

"Baba, na ji. Labarin zango ma na ji shi, kuma da shi kaɗai na, wataƙila da na haƙura. Amma a tambaye shi, kwana nawa niy yi ɗakinai bayan ya komo? Yana cin tuwona, yana kallon idona, yana gina ma bawan Allah rami da sunana. Rannan gaban mutane nir roƙe shi da girman Allah shi hwaɗa mani laihina, yaj juya mani baya. Yau ni ma ba ni da abin hwaɗa mashi. Ba ni so."

Dabo ya ji kamar an sake ɗora masa akwatin. Tsohon halin ya taso masa, ya dubi Mukhtari da jan ido.

"Ko dai kai ka ajiye ma kanka?"

Mutane suka ɗauki salati. Mukhtari bai ko motsa ba. Ya sassauta murya yadda Dabo kaɗai zai ji.

"Har gobe in na ji muryar ga sai na nemi tsari. Shi yas sa tana Amarawa ina Kalmalo, kuma haka za mu mutu. Ban zaɓi zuciyar da anka ba ni ba, Dabo, amma ni ka zaɓen inda ƙahwata za ta. Ko wagga guda da kab bar mani."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce da jama'a, "Ku shaida, ta ƙi, ni kuma ban ba shi."

Kafin watan ya mutu, Mukhtari ya ɗaura wa Zulaihatu aure da wani manomi na Araba mai suna Lawwali, mutum mai sanyin hali. Shi ma Mukhtari daga baya masuntan Kalmalo suka ba shi wata bazawara, ya zauna lafiya. Dabo kuwa bai sake iya tafiya Gwanja ba, don wuyan bai sake miƙewa ba. Ya tsufa shi kaɗai a zauren nan. In baƙo ya ce ina iyali, sai ya ce, "Ni nik kore su."

Darasi: Sha'awa ta taso a zuciya ba ita ce faɗuwa ba, Allah yana duban abin da ka yi bayan ta taso. Wanda ya san rauninsa ya guje masa don tsoron Allah ya fi wanda yake ɓoye nasa yana auna mutane da shi. Kafin ka ɗauki fansa a kan zato, buɗe baki ka tambaya, domin akwai abin da in ka rushe, nadama ba ta gina shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake dab da yanke hukunci yau bai tambaya ba.